Garwashi Arba'in na Kawu Maikasuwa

Ina tashar Babura ina jiran mota ta cika, saƙon Musaddiƙ ya shigo: "Garwashi ya kai arba'in. Yau bayan Juma'a Baba zai fito zaure. Kada ki makara, Likita."

Na duba a wayata. Arba'in cif.

Kawu Maikasuwa yayan mahaifiyata ne, Musaddiƙ kuma babban ɗansa. Shekara talatin da biyu Kawu ya yi yana aikin ƙaramar hukuma, Gwiwa, Roni, Kazaure, duk ya zauna. Wata huɗu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannu ya ƙi. Tun daga ranar bai sake zama a zaurensa ba, inda abokansa suka saba taruwa kowace yamma. Ya ce ba zai fita mutum ya miƙo masa hannu ya tsaya yana kallonsa ba, kuma ba zai ba kowa hagu ba.

Aikina ke nan, gashi da motsa gaɓɓai, shi na karanto a Indiya. Na ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce shi ba jariri ba ne. Na zuba masa wake ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya, ya ce a kai wa matarsa Inna Dela ta dafa. Da na rasa dabara na kawo masa kwamfutar hannu da wani gem na yaƙi a ciki. Jarumi ne da takobi yake sauka wani rami. Babban yatsan hagu ke tafiyar da shi. Sara da kauce wa sara, duk na mayar da su ɓangaren dama, yadda dole sai yatsun da suka mutu sun yi aiki.

A ƙasan ramin akwai wani ƙaton dodo mai guduma. Kawu ya sa masa suna Odita, wato mai binciken kuɗi a ofis, ya ce irin kallon da suke wa mutum ɗaya ne. In ka kashe Odita, wani lokaci yakan yar da wani jan dutse mai haske, yawanci kuma ba ya yar da komai, sai ka sake sauka. Wannan dutsen shi ne kuɗi mafi wuyar samu a gem ɗin. Ba a saye da naira, ba a kyauta. Kawu ya ce masa garwashi. Da arba'in ake sayen babban takobin da ke rataye a shagon maƙeri na cikin gem.

Muka yi alkawari ni da shi. Ranar da ya tara arba'in ya sayi takobin, ranar zai fita zaure. A lissafina wata biyar ne ko shida na aikin yatsu kullum, kuma hannun da ya iya wannan zai iya gaisawa.

Wata na farko ina zuwa duk Juma'a, ya tara shida. Daga nan abokiyar aikina ta tafi hutun haihuwa, na zama ni kaɗai a sashenmu, na yi mako shida ban leƙa Kazaure ba. Ina ganin lambar daga wayata, don ni na buɗe masa gem ɗin. Goma sha ɗaya. Sha tara. Talatin. Har na nuna wa wani likita a wajen aiki, na ce ya ga abin da gem ya yi.

Sai a cikin mota, mun wuce Achilafiya, na buɗe shafin da ke nuna daɗewar kowane faɗa. Da Kawu yakan yi minti goma sha biyu kafin ya kayar da Odita. Faɗan shekaranjiya Laraba minti biyu da daƙiƙa arba'in. Na Litinin ma haka. Na kashe wayar na sa a jaka.

Na tarar da babura bakwai a ƙofar gidan da mota guda. An shimfiɗa sababbin tabarmi a zaure, takalma sun cika bakin ƙofa. Na durƙusa na gaida dattawan na wuce. Ɗaya daga cikinsu, Malam Mamuda, wanda suka yi aiki tare da Kawu a Gwiwa, ya ɗaga murya.

"'Yar Indiya! Ki ce wa mutumin ya fito, ko sai mun shigo mun ɗauko shi?"

"Yanzu zai fito, Baba."

Tsakar gida na ƙamshin shinkafa da miyar kaji. Inna Dela na raba abinci a manyan farantai. Musaddiƙ ya taho da kwalin lemo a kafaɗa, ya sha shadda fara.

"Ga baiwata ta iso," ya ce. Ɗan kawuna ne, wasan taubasai bai taɓa ƙarewa tsakaninmu ba. "Kin ga aiki ko? Wata shida kika ce."

"Na gani. Ina yake?"

"Yana ɗaki yana shiri. Ci abinci tukuna."

Ban ci ba.

Kawu na zaune a bakin gado, an sa masa babbar riga ruwan toka da hula. Kwamfutar na gefensa. Hannun dama na kan cinyarsa, a cikin hannun riga.

"Kawu, ina wuni. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Likita. Kin ga dama."

"Aiki ne ya yi yawa. Mu ga hannun."

"Mutane na jira."

"Minti ɗaya."

Na naɗe hannun rigar. Yatsun sun lanƙwashe cikin tafi fiye da yadda na bar su. Na ja ƙaramin, ya ƙi miƙewa. Na sa yatsuna biyu a tafinsa na ce ya matse. Na ji ɗumi, na ji ɗan motsi a babban yatsa. Shi ke nan.

"Matse, Kawu."

"Na matse."

Na ɗauki kwamfutar na buɗe gem ɗin, na kai jarumin bakin ramin, na ɗora masa a cinya.

"Kashe min Odita sau ɗaya in gani."

Bai kalle ni ba. Ya sa hagu ya ɗauko hannun dama ya ajiye a gefen gilashin kwamfutar. Jarumin ya sauka. Odita ya ɗaga guduma, jan zobe ya fito a ƙasa, alamar a kauce. Babban yatsan Kawu ya yi rawa a kan maɓallin, bai danna ba. Guduma ta sauka. Ta sake sauka. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Ko daƙiƙa ashirin ba a yi ba.

Daga zaure aka yi dariyar wani abu.

Na leƙa ƙofa na kira Musaddiƙ. Ya shigo yana goge hannu, Inna Dela na biye da shi da ludayi.

"Wa ke buga gem ɗin nan?"

"Baba mana."

"Yaya Musaddiƙ, ba wasa nake ba."

Ya kalli mahaifinsa, ya kalli baƙin gilashin. Fara'ar ta tafi.

"Ni nake karɓarsa," ya ce. "Litinin, Laraba, Asabar. In na tashi aiki a Roni sai in hau babur in zo."

"Tun yaushe?"

"Tun da kika daina zuwa."

"Nawa ka samo?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ce ya karɓe shi," in ji Inna Dela. "Kada ki ga laifinsa. Ke ba ki ga yadda Alhaji yake yi ba. Gumi har riga ta jiƙe, hannu na karkarwa, wannan abin yana ta kashe shi. Rannan sau goma sha ɗaya. Ga ɗansa a zaune kusa da shi yana shan shayi. A wane gida ake haka?"

"Inna, gumin shi ne maganin."

"Garwashi kika ce a tara."

"Ba garwashin ne..." Na tsaya. Haka na ce. Na tuna ranar, a ɗakin nan, na ce musu in ya kai arba'in ya warke. Ban ce musu kada kowa ya taɓa ba. Ban zaci sai an faɗa ba.

Musaddiƙ ya ce, "Ke in kin ga Baba ya ɗauko buhu, sai ki tsaya kallo? In kin ga ya ɗauki tsintsiya?"

"Wannan ba buhu ba ne."

"A idona ɗaya ne. Ina zaune da hannu biyu lafiyayyu, mahaifina yana wahala. Ke kin yi nisa kin manta, shi ya sa."

"Ban manta ba. Saurara. Watannin farko su ne hannu ke koyon dawowa. Mako shida aka cire daga ciki. Dubi yatsun nan biyu. Da na tafi suna buɗewa."

Ya duba. Ban ga alamar ya taɓa dubawa ba kafin ranar.

"Za su dawo ai," ya ce.

"Ban sani ba."

"Ke ce likita."

"Shi ya sa na ce ban sani ba."

Inna Dela ta ajiye ludayin a kan durowa, ta zauna a ƙasa. Wani ya yi sallama daga ƙofar zaure, ya ce dattawa na tambaya ko lafiya. Musaddiƙ ya ce a ce musu Alhaji na alwala.

Na juya wajen Kawu.

"Kawu, mun yi waya sau nawa? Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"In ce miki me? Yaro ya taho daga Roni a cikin rana, ya durƙusa ya ce Baba kawo in karɓe ka. In ce masa a'a? In kai ƙararsa wajen ƙanwarsa?" Ya gyara hula da hagu. "Kuma kada in yi miki ƙarya. Da daɗi a karɓe ka. Ranar farko na ce yau kaɗai. Na kwanta ina kallo yana yanka Odita kamar kabewa. Na ji daɗi."

"Ka san hannun na komawa baya."

"Nawa ne ai. Na fi ki sani."

Musaddiƙ ya matso. "Baba, yanzu dai mutane sun zo. Daga Gwiwa, daga Roni, Malam Mamuda ma tun safe ya taso. Ka sayi takobin ka fita. Ka sa hannun a riga, ka ɗaga musu hagu daga nesa, kowa ya san lalura ce. Gobe sai a fara sabon aiki."

"Ko kuma ka fasa," na ce. "In ce musu ni na hana. Su zage ni, ba komai."

Kawu ya jawo kwamfutar da hagu. "Kai ni shagon maƙerin nan."

Na kai shi. Takobin na rataye a sama, baƙi da jan layi a tsakiya, arba'in a rubuce a ƙasansa. A kusurwar gilashin garwashinsa na haske, arba'in. Abin da aka saya a shagon ba a mayarwa, shi ya sa gem ɗin ba ya yarda da taɓawa ɗaya. Sai ka danna ka riƙe har wani zobe ya zagaye.

Ya daɗe yana kallon takobin.

"Shida ne nawa," ya ce. "Na farko ranar da aka yi ruwan ƙanƙara. Na biyu da na uku rana ɗaya, kina nan. Na shida na samo shi ranar Talata, ba kowa a ɗakin, na yi ta kira ba wanda ya ji. Sauran ba nawa ba ne. Akwai yadda za a mayar wa yaron nan kayansa?"

"Ba a kyauta da shi, Kawu."

"Zubarwa fa?"

"Ba a zubarwa. Sai dai a kashe."

"To me ake sayarwa a nan wanda ba ya taimakon mutum a faɗa?"

Na gangara ƙasan shafin, inda ake sayar da kayan ado. Akwai fenti na sulke, akwai fitilar da jarumi ke ratayawa a ƙugu, ashirin da biyar. Akwai wata farar akuya da ke bin jarumi duk inda ya je, ba ta sara ba ta karewa, goma.

"Baba," in ji Musaddiƙ. "Mako shida fa. Man babur kaɗai..."

"Allah ya yi maka albarka. Zauna."

Ya zauna a ƙasa kusa da mahaifiyarsa.

"Fitila da akuya talatin da biyar ne," na ce. "Zai ci ɗaya daga naka. Biyar za su rage."

"Ba abin talatin da huɗu?"

"Babu."

"To ɗayan tarar kwanciya ce. Na yi wa mutane tara a ofis, na san yadda take."

Ya kai hagu zai danna, na riƙe wuyan hannun.

"Dama."

Ya harare ni. Ya ɗauko daman ya ɗora, ya sa babban yatsa a kan fitilar. Zoben ya fara zagayawa, ya kai rabi, yatsan ya zame. Ya sake. Zoben ya kai kusan ƙarshe, ya zame. Gumi ya fito masa a ƙarƙashin hula. Hannun Musaddiƙ ya ɗago daga gwiwarsa, Inna Dela ta danne shi ba tare da ta kalle shi ba.

A na huɗu zoben ya rufe. Arba'in ta koma goma sha biyar. Akuyar ta ɗauke shi sau shida. Da ya gama, jarumin na tsaye da tsohon takobinsa, fitila a ƙugu, akuya na shinshinar ƙafarsa. A kusurwa, biyar.

Aka sake sallama daga zaure. Wannan karon muryar Malam Mamuda ce da kansa, a bakin ƙofar shiga gida.

"Maikasuwa! Alwalar ce har yanzu? Ko rijiya kake haƙawa?"

Kawu ya dube ni. "Alkawarinmu arba'in ne. Biyar gare ni. A ƙa'ida ba zan fita ba."

"A ƙa'ida."

"Amma mutum ya taso daga Gwiwa." Ya kalli hannun. "Akwai yadda za a yi wannan ya kai wajen mutum?"

Na nuna masa. Na sa tafin hagunsa a ƙarƙashin wuyan hannun dama, na ɗaga su tare, na miƙa gaba. Hannun ya tsaya a iska, yatsu uku a buɗe kaɗan, biyu a lanƙwashe.

Ya kalli hannuwansa biyu.

"Haka yara ke gaishe ni," ya ce.

"Haka."

"Haka masinja ke miƙo takarda."

"Ba ni da wata hanyar, Kawu. Yau dai babu."

Ya sauke. Ya sake ɗagawa da kansa, ya sauke. Na zaci zai ce a cire masa rigar. Sai ya ce wa Musaddiƙ ya miƙo sanda. Musaddiƙ ya kawo, ya kai hannu zai tallafe shi.

"Bi bayana kawai," in ji Kawu.

Na tsaya a bayan ƙyauren zaure, inda mata ke tsayawa. Ban ga komai ba. Na ji ƙarar sanda a siminti, na ji hira ta yanke, na ji ana tashi tsaye. Na ji an jingina sandar da bango.

"A'a!" Malam Mamuda ne. "Jama'a ku shaida! Maikasuwa ne ke ba ni hannu biyu! Shekara talatin ina gaya masa na girme shi da wata huɗu yana musu!"

"Karɓi da sauri, ba don kai na yi ba," in ji Kawu. "Nauyi gare shi."

Aka yi dariya, ba sosai ba. Na ji ana ta "Alhamdu lillahi" da "sannu Alhaji", ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga murya goma sha huɗu. Sau goma sha huɗu ya ɗaga hannun. Ban taɓa sa shi ya yi ko rabin haka a rana ɗaya ba.

Na koma ɗaki na canza lambar sirrin gem ɗin. Sai na tuna Kawu zai ba duk wanda ya durƙusa ya tambaye shi, na mayar da tsohuwar. Na je na ci shinkafa a tsaye. Inna Dela ta ce in faɗa mata gaskiya game da yatsun biyu. Na ce ƙaramin da wuya ya dawo, na kusa da shi ƙila. Ta ce to, ta ci gaba da kankare tukunya.

Bayan la'asar baƙi suka watse. Kawu ya dawo ɗaki a gajiye, ya cire babbar riga, ya ce a ba shi kwamfutar. Na ce ya huta sai gobe. Ya ce talatin da biyar ke gabansa, kuma ba yaro ba ne shi.

Musaddiƙ na zaune a ƙasa, bai tafi Roni ba tukuna. Jarumin ya sauka ramin, akuya na biye. Odita ya ɗaga guduma, jan zobe ya fito.

"Kauce, Baba. Kauce yanzu!"

Guduma ta sauka. Gilashi ya yi baƙi.

Kawu ya sake sauka. Ya mutu. Ya sake. A na uku ya kauce wa gudumar farko, ta biyu ta same shi. Musaddiƙ ya miƙe a kan gwiwoyinsa, hannunsa ya kai rabin hanya.

"In ba za ka iya kallo ba, fita," in ji Kawu, idonsa na kan gilashin.

Musaddiƙ ya koma ya zauna. Ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa, ya danne su. Kawu ya ɗauko daman da hagu, ya gyara masa zama a kan maɓallin, ya sake sauka ramin.